Gida ko asibiti: ina ya fi dacewa a yi jinyar wanda cutarsa ta yi nisa?

Idan likita ya ja manyan dangi gefe ya shaida musu cewa cutar da ke jikin ɗan'uwansu ta kai matakin da aikin asibiti ba zai iya kawar da ita ba, shawara guda ce ke biyo baya, kuma galibi a tsaye ake yanke ta a baranda: ko a bar shi a kan gado a ci gaba da abin da ya sawwaƙa, ko a karɓi sallama a koma gida. A Kano kullum ana fuskantar wannan a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Nasarawa da asibitocin kuɗi, a kan masu ciwon dajin mama ko na bakin mahaifa ko na hanta da aka kawo bayan ya bazu, da masu ciwon ƙoda da wankin ƙoda ya gagare su, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da masu ciwon zuciyar da numfashi ke yi musu wuya ko a zaune. Sau da yawa aljihu ne ke yanke hukuncin, wani lokacin kuma tsoron kada a ce an gaji da mutum. Alhali akwai bincike na shekaru masu yawa a kan abin da ke rage wa irin waɗannan bayin Allah wahala da abin da ba ya ragewa, kuma ya kamata iyalai su san shi kafin ranar ta zo musu.

Fannin likitancin da ke wannan aiki shi ne jinyar sassauci, wato kula da raɗaɗi da haki da amai da rashin barci da damuwar zuciya ga wanda ke fama da cuta mai tsanani, tare da tallafa wa masu jinyarsa. Tsarinsa na zamani ya samo tushe ne daga gidan jinyar St Christopher's da Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatarsa a kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Abu na farko da bincike ya warware shi ne zargin da ake yi cewa karɓar irin wannan kulawa sallamawa ce. A 2010 Jennifer Temel da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka suka raba masu ciwon dajin huhu 151, waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu, gida biyu. Duka an ci gaba da ba su maganin daji, amma rukuni ɗaya an haɗa shi da masu jinyar sassauci tun daga farko. Wannan rukunin ya fi jin daɗin rayuwa, alamun ciwon damuwa sun bayyana ga kashi 16 cikin ɗari nasu idan aka kwatanta da kashi 38 a ɗaya rukunin, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6 maimakon 8.9. Ba kowane bincike da ya biyo baya ne ya sake samun ƙarin kwanakin ba, don haka bai kamata a yi wa kowa alkawarinsa ba. Amma wani gwaji da aka yi a Toronto ta Kanada da mutum 461, aka buga a 2014, ya sake nuna ingantuwar rayuwa da sauƙin alamun cuta bayan wata huɗu. Saboda haka, ko a gida ko a asibiti, wannan kulawa ba ta hana neman magani, kuma gara a fara ta da wuri.

Akwai abubuwan da asibiti ke yi waɗanda gida ba zai taɓa iya yi ba, kuma wasu daga cikinsu suna kawo sauƙi nan take. Mai ciwon hanta da ruwa ya cika masa ciki har ya tokare numfashi, idan aka zuƙe ruwan yakan samu barci a daren. Haka wanda ruwa ya taru masa a ƙirji, da wanda fitsari ya riƙe saboda ciwon dajin mafitsara ko kumburin ƙwayar nan ta maza da ke ƙasan mafitsara (prostate), da wanda jininsa ya yi ƙasa har jiri ke ɗibarsa, da wanda hanjinsa ya toshe yana ta amai. Zubar jini mai yawa, da jijjiga, da mutuwar ƙafafu farat ɗaya ga mai ciwon daji, duk na gaggawa ne, musamman na ƙarshen, domin yana iya zama alamar cutar ta danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya sa mutum ya rasa tafiya har abada. Ciwon ƙashi da daji ya ci kuwa yana jin gashi da na'ura sosai. Wani babban bincike da aka yi a Holan a 1999, da marasa lafiya sama da 1,100, ya nuna cewa gashi sau ɗaya tak yana rage raɗaɗin ƙashi daidai da gashi sau shida, sai dai waɗanda aka yi wa sau ɗaya sun fi buƙatar a maimaita musu daga baya. Wannan labari ne mai muhimmanci ga iyalin da za su ɗauki mara lafiya daga Kano zuwa Shika ko Abuja ko Sakkwato, domin bambancin tafiyar yini guda da zaman mako biyu a garin da ba naka ba babba ne. Yana da kyau a tambayi likita kai tsaye ko gashi ɗaya zai wadatar, a kuma tabbatar na'urar tana aiki kafin a kama hanya.

Sai dai duk waɗannan ayyuka ne na kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki. Doguwar kwanciya wani abu ne daban, kuma a nan ne nauyin asibiti ke bayyana. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, don haka kowane dare a kan gado, da kowane gwaji, da kowace ledar ruwa, ana biyan su ne da jarin shago ko kuɗin makarantar yara ko filin gado. Mai jinya tana kwana a tabarma cikin sauro, ana dafo abinci daga Kurna ko Sheka ko Ɗorayi sau biyu a yini a adaidaita sahu, kuma lokacin dubiya ƙayyadadde ne. Shi kansa mara lafiyar ana tashinsa cikin dare don gwaji, yana kallon na kusa da gadonsa suna cikawa. Wani bincike da Alexi Wright ta jagoranta a Amurka, aka buga a 2010, ya bi masu ciwon daji 342 har zuwa rasuwarsu, ya samu cewa waɗanda suka rasu a asibiti, musamman a sashen kulawa ta musamman, sun fi shan wahala a jiki da zuciya a kan waɗanda suka rasu a gida ƙarƙashin kulawar masu jinyar sassauci, kuma masu jinyar waɗanda suka rasu a sashen kulawa ta musamman sun fi kamuwa da firgicin da ke daɗewa bayan rashi. Binciken lura ne ba na rarraba mutane da ƙuri'a ba, kuma mai yiwuwa waɗanda aka kai wannan sashen dama su ne cutarsu ta fi muni, amma sakamakonsa ya dace da abin da wasu suka samu.

Abubuwa biyu ne suka fi riƙe iyalai a asibiti ko da sun so tafiya, ƙarin ruwa da iskar oksijin, kuma dukansu an gwada su. A wurinmu ledar ruwa da ke rataye kusa da gado ita ce shaidar cewa ana yin wani abu, har idan aka cire ta sai dangi su ga kamar an yi watsi da mutum. A 2013 Eduardo Bruera da abokan aikinsa a Amurka suka gwada wannan a kan masu ciwon daji 129 da ke makonninsu na ƙarshe: wasu ana ba su lita ɗaya ta ruwa kullum, wasu ɗan mililita 100 kawai, ba tare da mara lafiya ko mai duba shi ya san wanne ake ba wa ba. Ba a ga bambanci a gajiya ko magagi ko jin daɗin rayuwa ko tsawon kwana ba. Dalilin kuwa shi ne jikin da ke gab da ƙarewa ba ya iya sarrafa ruwa kamar da, don haka abin da aka ɗura yakan taru a ƙafafu da ciki da huhu, ya ƙara kumburi da kakari. Bushewar baki ita ce ke damun mara lafiya, kuma maganinta jiƙa leɓe da auduga, da ɗan ruwa a cokali, da ƙanƙara ƙarama idan yana iya tsotsa, da shafa mai a leɓe. Wannan bai shafi wanda gudawa ko amai suka ƙarar masa da ruwa alhali yana da sauran ƙarfi ba. Shi ƙarin ruwa na iya tayar da shi, kuma likita ne zai bambance.

Oksijin ma haka. A 2010 mujallar Lancet ta buga gwajin Amy Abernethy da aka yi a Ostireliya da Amurka da Birtaniya a kan mutum 239 masu haki waɗanda iskar da ke jininsu ba ta yi ƙasa sosai ba. An sa wa wasu oksijin ta hanci, wasu iskar ɗaki ta irin wannan robar, na tsawon kwana bakwai, kuma sauƙin da suka samu ya zo ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne kaɗawar iska a hanci da fuska, shi ya sa wani ƙaramin gwaji da aka yi a Ingila a shekarar ya nuna cewa ƙaramar fanka ta hannu da aka saita a fuska tana rage jin haki. Ga gidan da ke lissafin kuɗin cika tukunyar oksijin, ko na man janareta don na'urar da ke tace iska, wannan sauƙi ne na gaske: a jingina mara lafiya da matasai kusa da taga, a yi masa fifita ko a kunna fanka mai caji. Amma sai an auna da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa. Wanda iskar jininsa ta faɗi ƙwarai yana buƙatar oksijin, kuma ba shi binciken ke magana a kai ba.

To, me bincike ya ce game da gida? Nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantance shi, wanda Barbara Gomes ta jagoranta, ya tattara bincike 23 da suka ƙunshi mutum sama da 37,000, ya samu cewa jinyar sassauci a gida tana ninka damar mutum ya cika a ɗakinsa, tana rage nauyin alamun cuta, kuma ba ta ƙara wa iyali baƙin ciki bayan rashi. Sakamako ne mai ƙarfi, amma dole a karanta shi da idon basira. Gidan da ake nufi a waɗannan bincike gida ne da nas ke zuwa a kai a kai, da lambar wayar da za a kira cikin dare, da maganin raɗaɗi mai ƙarfi a kan tebur. Abin da yawanci ke faruwa a nan, idan aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, shi ne a fita da ledar farasitamol da maganin ƙarin jini, daga nan kuma babu wanda zai sake tambayar yadda aka kwana. Wannan ba shi ne abin da aka gwada aka yaba ba, kuma a ganina shi ne mafi munin zaɓin da ke gaban iyali, ya fi doguwar kwanciya a asibiti muni, domin a can aƙalla akwai wanda za a tasa idan ciwo ya motsa.

Maganar gida dai a kan maganin raɗaɗi take tsayawa ko ta rushe, kuma ga ciwon daji mai tsanani wannan maganin shi ne mofin. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da har yau ake bi: a ba da magani ta baki, a ba da shi a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, a kuma hau mataki-mataki gwargwadon tsananin raɗaɗin. Ruwan mofin na sha ana ba da shi duk bayan awa huɗu, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa har a kai inda ciwo ya lafa. Yakan kawo gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko sannan su wuce, amma ɗaurewar ciki ba ta wucewa, don haka dole a haɗa shi da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Kaɗan daga cikinsa kuma yana rage haki. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar taka-tsantsan na musamman domin maganin yana taruwa a jikinsa. Wani gwaji da aka yi a Italiya a 2016 da mutum 240 masu matsakaicin raɗaɗi ya samu cewa kashi 88 cikin ɗari na waɗanda aka fara wa ƙaramin mofin sun samu sauƙi, yayin da na waɗanda aka ba irin su kodin da tiramol kashi 58 ne.

Matsalar ita ce samunsa. Kwamitin Lancet na 2017 ya nuna cewa abin da ke isa Najeriya na irin waɗannan magunguna bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da marasa lafiyar da ke buƙatar jinyar sassauci suke nema ba. A Kano kuma akwai wani tsoro na daban, wanda yake da dalili: garin ya ga ɓarnar da kodin da tiramol suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Saboda haka uba zai gwammace ya ji nishin mahaifiyarsa da ya shigo da abin da ake kira ƙwaya cikin gidansa, wasu ma'aikatan lafiya ma suna ɗari-ɗari da rubuta shi. Amma mofin da likita ya auna wa mai ciwo na gaske ba kasafai yake jawo jaraba ba, kuma idan aka bi ƙa'idar ƙarawa sannu a hankali ba ya gaggauta ajali. Abin da ya wajaba shi ne a kulle shi a hannun mutum ɗaya amintacce, a rubuta duk lokacin da aka bayar, a mayar da ragowar asibiti. Abin da ake maye gurbinsa da shi ya fi haɗari: a kira mai kemis ya yi allurar fentazosin da ke sakin mutum bayan ƴan awanni, ko a yi ta ɗirka wa tsoho diklofenak har ya ci masa ciki ya taɓa ƙoda. Yuganda ta nuna cewa talauci ba ya hana gyara wannan. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa cibiyar jinyar sassauci ta Hospice Africa Uganda a Kampala a 1993, ana haɗa ruwan mofin mai arha daga garin maganin, kuma a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, suna kai wa marasa lafiya har gida. A nan ƙasar, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen jinyar sassauci a 2007 da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo. Ga iyalin Kano, hanyar da ta fi ita ce a tambayi likitan da ke duba mara lafiya da sashen magani na babban asibiti tun kafin sallama, domin ba magani ne da ake samu a kantin unguwa ba.

Ko da an samu magani, jinyar gida aiki ne mai nauyi, kuma kusan koyaushe a kan mace ɗaya yake sauka, mata ko ƴa ko suruka, wadda ga girki ga yara. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi kamar duk awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige, kuma a zafin bazara, ga gumi ga rashin wuta, fata ba ta da wuyar salewa. Gyambon daji mai wari, wanda ke sa mace ta ƙi yarda kowa ya shigo ɗakinta, yana raguwa ƙwarai idan aka daka ƙwayar Flagyl aka barbaɗa bayan wanki, dabarar da masu jinyar sassauci a Afirka suka daɗe suna amfani da ita. Cin abinci zai ragu, kuma cutar ce ke kawo haka; ɗura kunu da ƙarfi ga wanda haɗiya ke masa wuya na iya sa ya shaƙe ya tafi huhu. Sai kuma ƴan dubiya, waɗanda zuwansu lada ne da ƙarfafa zuciya, amma kowa da maganin da zai kawo. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba sa karo da komai, kuma gida ya fi ba su sarari. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa suna iya ƙarasa hanta ko ƙodar da dama ta raunana, kuma masu tallar warkar da daji cikin mako biyu sun fi samun kasuwa a daidai wannan lokaci.

Masu ciwon ƙoda suna da tasu tambayar, ta a ci gaba da wanki ko a tsaya. Ga matashi ko mai sauran ƙarfi, wanki yana tsawaita rai ba shakka. Amma binciken Fliss Murtagh a Ingila a 2007, a kan mutum 129 da suka haura shekara 75, ya nuna cewa ga waɗanda ke da wasu manyan cututtuka a tare, musamman ciwon jijiyoyin zuciya, fifikon wanki a kan kulawa da magani kawai yana ɓacewa. Wannan magana ce da za a yi da likitan ƙoda a fili, tare da lissafin ko iyali za su iya riƙe wankin a kai a kai, domin wankin da ake yi sai an samu kuɗi wahalarsa ta fi amfaninsa.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi a wannan shawara, wato mai ciwon kansa. Al'adarmu ce a ɓoye masa, da kyakkyawar niyya, kada hankalinsa ya tashi. Binciken da aka buga a Amurka a 2008 a kan masu ciwon daji 332 ya samu cewa waɗanda likitoci suka tattauna da su game da ƙarshen rayuwa ba su fi sauran shiga damuwa ko fargaba ba, kuma an fi kauce musu ayyukan asibiti masu wahalarwa marasa amfani. Ba a ce a faɗa wa mutum abin da bai nemi sani ba, kuma babu likitan da ya san ranar kowa. Ana iya farawa da tambayarsa yadda yake ganin jikinsa da abin da yake so a yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Musulmi yana da wasiyyar da zai bari, da bashin da zai ambata, da mutanen da zai nemi yafiyarsu, kuma yawanci yana son a laƙƙana masa kalmar shahada a cikin iyalinsa. Wani kuma ya fi samun natsuwa idan yana ganin nas kusa, ko ba ya son ƴaƴansa ƙanana su ga halin da yake ciki, kuma wannan ma zaɓi ne da ya cancanci a girmama.

Idan aka auna duka, ra'ayina shi ne gida ya fi ga mafi yawan waɗanda cutarsu ta yi nisa, asibiti kuma ya zama wurin da ake zuwa don wani aiki takamaimai a dawo. Amma wannan fifiko yana da sharuɗɗa, kuma a asibiti ake cika su kafin a fita. A tabbatar an daidaita raɗaɗin da maganin sha, ba allura ba, an kuma ga ya riƙe mara lafiya aƙalla yini da dare. A san inda za a sake karɓar maganin idan ya ƙare da wanda zai rubuta shi. A samu lambar likita ko nas da ya amince a kira shi, in da hali a yi yarjejeniya da wata nas ta unguwa ta riƙa leƙowa don wankin gyambo da canza robar fitsari. A nuna wa masu jinya, aƙalla mutum biyu da za su riƙa karɓar juna, yadda ake juyawa da wankewa da ba da magani, maza kuma su ɗauki rabonsu na kwanan dare idan mara lafiyar namiji ne ko mahaifiyarsu ce. A nemi likita ya faɗi alamun da ke buƙatar a dawo da gaggawa, da alamun da ke nuna lokaci ne ya gabato, irin su yawan barci, da sanyin hannu da ƙafa, da numfashin da ke tsayawa yana dawowa, domin kada a ɗauki mutum a mota cikin dare a sa'o'insa na ƙarshe zuwa inda ba abin da za a ƙara masa. Inda raɗaɗin bai kwanta ba, ko babu mai jinya tsayayye a gidan, ko ana zubar da jini ana maimaitawa, a jinkirta sallamar da kwana biyu ko uku har a gyara abin da ya rage, ko da kuwa an riga an haɗa kaya.